Ko Kun Sani? Forro, Harshen Sao Tome

Tsibirin Sao Tome, da ke teku kudu da Najeriya, babu kowa a cikinsa har Turawan Fotugal suka sauka wajen 1470. A bakin bayin da aka kwaso daga masarautar Benin da Kwango domin noman rake aka haifi harshen Forro. Wasu na cewa gurɓataccen Fotugis ne, tunda yawancin kalmominsa daga can suke. Wannan rashin adalci ne, domin ƙashin bayan harshe nahawunsa ne, na Forro kuwa ya ɗebo da yawa daga harsunan waɗannan bayi, musamman harshen Edo na Benin. Dubi korewa: Forro kan kewaye magana da "na ... fa", tamkar "ba ... ba" ɗinmu, alhali daidaitaccen Fotugis "não" ɗaya yake sawa a gaba. Duk da haka, tun samun 'yanci a 1975 Fotugis ne harshen hukuma, masu jin Forro kuwa sai raguwa suke yi.