Shirin Musamman: Bayan Tafiya Ta Gagara

Yau za mu leƙa wani asibiti ne a Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A wancan zamani, sojan da ya samu rauni a laka kusan an gama yanke masa ƙauna. Za a shimfiɗe shi ya yi ta kallon rufin ɗaki, doguwar kwanciya ta huda masa fata, gyambo ya ruɓe, ciwon mafitsara ya taɓa ƙoda. Yawancinsu ba sa daɗewa. A watan Fabrairun 1944 aka buɗe sashen masu irin wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville, aka damƙa shi a hannun Dakta Ludwig Guttmann, Bayahuden likita da ya gudo daga Jamus a 1939.

Da ƙaramin abu ya fara: a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. Gyambo ya ragu, rayuka suka tsira. To amma tsira don a yi me? Nan ne hikimar mutumin take. Bai yi musu alƙawarin za su sake takawa ba. Ya sa aka koya musu aikin kafinta da gyaran agogo, sannan ya miƙa musu kwari da baka. Mutum na bisa keken guragu, ya ja tsirkiya har kusa da kunci, kafaɗa na rawa, ido na kan bara. Shi dai kibiyarsa yake son ta samu, amma naman bayan da zai riƙe shi a zaune yana ta ƙara ƙarfi.

Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16 suka kara a harbin kibiya a harabar asibitin. Zuwa 1960, 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara a birnin Rum, a gasar Faralamfik ta farko.

Masu sauraro, a gidajenmu ma akwai wanda haɗarin babur ya kwantar, akwai tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye. Muna zuwa dubiya, mu ce Allah ya ƙara sauƙi, kuma addu'a ce mai kyau. Sai dai tausayi kan sa mu ƙwace musu komai, har kofin shan ruwa. A ganina wannan cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Mai gashin ƙashi ya ce a ɗaga hannu sau 10, majinyaci ya gaji tun a na uku. Amma in ya san wannan hannun ne zai riƙe buta ya yi alwala da kansa, ko ya miƙa canji a shagonsa, zai cije ya ƙarasa.

Saboda haka idan kuna jinyar wani, ku zauna yau ku tambaye shi abin da ya fi ƙosawa ya koma yi da kansa. Ku kai wa likitansa wannan amsar, a tsara motsa jikin a kanta, ku kuma bar shi ya gwada ko da zai ɗauki lokaci. Allah ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya.