Me Ya Hana Nijeriya Ƙera Jirgin Saman Yaƙi Nata?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga wajen Giwa a jihar Kaduna, ya aiko mana da takarda. Ya ce kullum yana jin labarin gwamnati ta sayo jiragen yaƙi daga ƙetare da maƙudan kuɗi. Yana so a bayyana masa abin da ya hana mu ƙera namu, shin rashin kuɗi ne ko kuwa rashin ilmi. Sannan ya ce in ma an ƙera, ina ribar talaka a ciki?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. A taƙaice dai, Nijeriya ta taɓa harhaɗa jirgin sama a cikin gida, ta kuma ƙera ƙananan jirage marasa matuƙa, amma jirgin yaƙi sosai ba ta kai gare shi ba tukuna. Kuɗi da ilmi duk suna cikin dalilai. Sai dai babban ciwon shi ne a fara aiki a bar shi, wani ya zo ya sake sabon lale. Bari mu bi maka zancen daki-daki.

A shekarar 1964 aka kafa rundunar sojojin sama ta Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma. A wannan shekara ce kuma aka yi dokar kafa kamfanin ƙera makamai na ƙasa, watau DICON, wanda masana'antarsa ke Kakuri cikin Kaduna. Aikinsa bindigogi ne da harsasai. Har wa yau a 1964 ɗin aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Ka ga ke nan an yi sammakon kama hanya.

A 1989 aka fito da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake kira Air Beetle, wanda wani kamfani mai suna AIEP ya harhaɗa a Kaduna. An yi wa sojojin sama guda 60 don koya wa sababbin matuƙa tuƙi. Amma fa tsarin jirgin na wani kamfanin Amurka ne, injinsa ma daga can aka kawo. Watau kamar yadda aka riƙa haɗa motar Fijo a Kaduna tun 1975, ko taraktar Steyr a Bauchi: kaya su zo cikin akwatuna, a ɗaura su a nan. Wannan ba abin rainawa ba ne, don da rarrafe yaro kan tashi. Abin takaicin shi ne ba a ɗora komai a kansa ba. Da Air Beetle ya tsufa, sai aka tafi Pakistan a 2016 aka ƙulla cinikin jiragen koyon tuƙi guda 10 samfurin Super Mushshak.

Daga baya injiniyoyin sojan sama a Kaduna, inda cibiyarsu ta koyon fasaha mai suna AFIT take, suka juya ga jirgi maras matuƙi, wanda ake sarrafa shi daga ƙasa. A watan Disamba na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da ɗaya mai suna Gulma. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani mai suna Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. Sunayen ma sun faɗa maka aikinsu: su leƙo abin da ke cikin daji, su kawo rahoto.

To me ya sa jirgin yaƙi ya gagara? Akwai ƙulli huɗu.

Na farko, inji. Injin jirgin yaƙi yana aiki ne cikin zafin da ya isa ya narkar da ƙarfen da muka saba gani, don haka sai an yi masa wani irin haɗin ƙarfe na musamman, wanda masu shi ke ɓoye sirrinsa. Ƙasashen da suka ƙware wajen ƙera shi tun daga tushe 'yan ƙalilan ne, irin su Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin. Dubi jiragen JF-17 guda 3 da Nijeriya ta karɓa daga Pakistan a 2021. Pakistan da Sin ne suka haɗu suka yi jirgin, amma injin da ke cikinsa na Rasha ne. Indiya ma, duk da yawan masananta, ta ɗauki aikin jirginta mai suna Tejas a 1983, bai tashi sama ba sai 2001, bai shiga aikin soja ba sai 2016, kuma da injin Amurka yake tashi.

Na biyu, ƙarfe da wutar lantarki. Gangar jikin jirgi akasari da alminiyam ake yin ta, ƙarfen nan maras nauyi da wasu ke kira gorar ruwa. Masana'antar narka shi da aka gina a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, daga nan sai tashi da faɗuwa. Ita kuwa masana'antar ƙarafa ta Ajakuta, wadda aka ɗora harsashinta tun wajen 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat, an shafe shekaru fiye da 40 ba a kai ga kammala ta ba. Maƙerin da ba shi da ƙarfe, ba shi da gawayi, ai ko lauje ba zai fitar ba, balle garma.

Na uku, mutane da ƙananan masana'antu. Jirgi guda yana da dubban sassa, kuma babu kamfanin da ke yin su duka shi kaɗai. Wani taya yake yi, wani waya, wani gilashi, wani kusoshi. Kowane sai an gwada shi an tabbatar da ingancinsa, domin mota in ta lalace a hanya sai a gangara gefen titi a kira bakanike, jirgi kuwa ba shi da gefen titi. Kafin a sami ƙwararren injiniya guda sai an yi shekaru ana horar da shi. In ya gama bai tarar da aikin yi ba, ko albashin bai riƙe shi ba, sai wata ƙasa ta ɗauke shi.

Na huɗu, kasuwa. Wannan kai ɗan kasuwa ka fi kowa saninsa. Kuɗin zana jirgi da gwaje-gwajensa kusan ɗaya ne, ko guda 10 za a yi ko guda 500. In kaɗan aka yi, sai kowane ɗaya ya fi na sayowa tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi injin casar shinkafa don buhu biyar na gidansa kawai, ai ya san bai yi ciniki ba. Saboda haka dole gwamnati ta yi alkawarin saye na shekaru masu yawa, a kuma sami maƙwabta masu saye.

Mai yiwuwa ka ce, to tun da abin da wuya haka, a ci gaba da sayowa mana. Nan ma akwai magana, don zanen aro ba ya rufe katara. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, Ingila da Amurka sun ƙi sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi, sai da aka nufi Tarayyar Sobiyat aka samo samfurin MiG-17. Cikin shekarun 1980 aka sayo jirage 18 samfurin Jaguar daga Ingila, ba su yi shekara goma suna aiki ba aka jingine su, don tsadar kula da su ta yi yawa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamba na 1995, ƙasashen Turai suka sa wa Nijeriya takunkumin makamai, kayan gyara suka yi wuya. A 2014, ana tsakiyar faɗa da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Ko jirage 12 na Super Tucano da aka girke a Kainji, an biya kuɗinsu kusan dala miliyan 500 a 2018, har da na makamai da horo da kayan gyara, amma ba su iso ba sai 2021. Shekara uku ana jira, mutanen karkara kuwa suna kwana da ido ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi wannan Super Tucano yana da darasi a gare mu, domin ko da yake a Amurka aka harhaɗa namu, asalinsa jirgin ƙasar Barazil ne, can Kudancin Amurka. Barazil ƙasar noma ce mai rake da waken soya da shanu. Yaya aka yi ta kai nan? Da makaranta ta fara. A 1950 ta buɗe makarantar injiniyoyin jirgin sama, ta yi shekara 19 tana yaye ɗalibai kafin gwamnati ta kafa kamfanin Embraer a 1969. Shi ma kamfanin bai faɗa wa jirgin yaƙi mai gudun tsiya da farko ba. Ya soma da ƙaramin jirgin fasinja mai suna Bandeirante, sojojin ƙasar suka saya da yawa don ya tsaya da ƙafarsa. Sannan ya yi jirgin feshin gona mai suna Ipanema, wanda ya fara tashi a 1970. An ƙera fiye da dubu ɗaya, kuma na baya-bayan nan da man da ake tatsa daga rake suke tashi. Kamfanin ya kusa durƙushewa, har aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994, amma ba a bari ma'aikata da ilminsu sun watse ba. Yau yana cikin manyan masu ƙera jiragen fasinja a duniya, har kamfanin Air Peace na Nijeriya yana cikin masu sayen jiragensa.

Duk da haka ita ma Barazil ba ta tsira gaba ɗaya ba. Injin Super Tucano daga Kanada yake zuwa, wasu na'urorinsa kuma daga Amurka. Shi ya sa a 2006 Amurka ta iya hana a sayar wa Benezuwela shi. Ke nan abin da ƙasa ke nema shi ne ta rage dogaro da wasu, ta kuma riƙe wani abu a hannunta da su ma za su zo nema.

To ina ƙofofin da ke buɗe wa Nijeriya? Ta farko ita ce gyara. Jirgi yakan yi shekara 30 ko fiye yana aiki, kuma kuɗin da ake kashewa wajen kula da shi a tsawon wannan lokaci yakan zarce kuɗin sayensa. A 2019 sojojin sama suka yi wa babban jirgin dakon kaya samfurin C-130 cikakken garambawul a Ikeja ta Legas, da taimakon ƙwararru daga waje, maimakon a kai shi ƙetare kamar da. Kamfanin motoci na Innoson da ke Nnewi shi ma ya taɓa yi wa jiragen Alpha Jet wasu sassan birki. Mai gyara yau shi ne mai ƙira gobe, kamar yadda yaron gareji ke farawa da wankin kusoshi.

Ta biyu, jirage marasa matuƙa. Sun fi sauƙin ƙira, sun fi araha, injinsu ma ƙarami ne. Turkiyya ta nan ta yi suna. Amurka ta sa mata takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978, abin ya zame mata izina. Jirginta maras matuƙi Bayraktar TB2 ya fara tashi a 2014, ga shi ƙasashe da dama sun saya, har da Jamhuriyar Nijar wadda ta karɓi nata a 2022.

Ta uku, sharaɗin ciniki. Duk sa'ad da za a sayo jirgi, a sa wa mai sayarwa sharaɗin ya koya wa 'yan ƙasa aikin, ya kuma yi wasu sassan a nan. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON wadda ta maye gurbin ta 1964, ta ba kamfanin damar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Doka dai takarda ce, aiki da ita shi ne magana.

Saura batun ribar talaka. Jirgin da ke tashi a kan kari saboda kayan gyaransa na kusa, shi ne zai tsare hanyar kasuwa da gonakin da aka ƙaurace wa. Kuɗin ƙetare da aka rage kashewa za su iya tafiya ga taki da asibiti, in an sami riƙon amana. Kazalika hannun da ya iya ƙera jirgin leƙen daji, shi ne zai ƙera na feshin maganin jan-baki da fari, da na auna gona. Amma a sani, ƙirar gida ba ta hana kuskure. Abin da ya faru a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a watan Disamba na 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi, mutum fiye da 80 suka rasu, ya nuna cewa horo da tantance labari kafin a harba sun fi na'urar kanta muhimmanci. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Saboda haka Malam, in ka ji an ce an ƙaddamar da sabon jirgi ƙirar gida, ga tambayoyi uku da za ka riƙe: guda nawa aka yi bayan na bikin, wane sashe nasa aka ƙera a nan, kuma bayan shekara biyar yana tashi ko yana jingine? Amsarsu ita za ta nuna maka ko an kama hanya.