Daga Na'ura Zuwa Kunya: Fasahar Sadarwa a Gonakin Ƙasar Wudil

Idan ana maganar shigar da fasahar sadarwa cikin noma, abin da ake nufi shi ne a ƙulla wasu abubuwa da a da kowanne ke cin gashin kansa. Akwai na'urar da ke awo, ko na danshin ƙasa, ko na yawan ruwan sama, ko na inda tarakta take a wannan sa'a. Akwai layin da ke ɗaukar abin da aka auna, sai kwamfutar da ke tace shi ta fitar da shawara. Daga nan sai mai aiwatarwa: injin ban ruwa da zai tashi, dilan taki da zai buɗe sito, ma'aikacin madatsa da zai murɗa ƙofar ruwa, ko manomin da zai saɓa fartanya. A manyan gonakin Amurka da Holan injuna ne ke riƙe da yawancin wannan sarƙa. A ƙasar Hausa kuwa mutum ne ke tsaye a kusan kowace gaɓa, kuma a gaɓoɓin nan ne aikin ke yin kyau ko ya wargaje.

A ɗauki misalin Ɗankaza, ɗaya daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil, tare da irin su Utai da Darki da Lajawa da Indabo. Yankin yana cikin ƙasar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya daɗe yana nazari a kanta, inda gona ba ta samun hutu kuma rabon gado ke ƙara yanka ta ƙanana. Magidanci yakan mallaki fili biyu ko uku a warwatse, ya haɗa gero da dawa da wake, wani lokaci da gyaɗa, a kunya ɗaya ko a kunyoyi maƙwabta. Wanda ke da rabo a fadama yana ƙarawa da noman rani. Wannan siffa ita ke tantance irin fasahar da za ta zauna. Na'urar da kuɗinta ya kai na buhunan taki da yawa ba za ta biya kanta a rabin eka ba. Shi ya sa fasahar da ta yi tasiri a irin wannan wuri takan zo ne a matsayin hidima da mutane da yawa ke tarayya a kanta, ta bi ta wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001.

Babbar cacar manomin tudu ita ce ranar shuka. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, kuma ruwan farko yakan yaudari mutane: a yi shuka, sama ta ɗauke sati biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a sake neman iri. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari a tsakiya. Ana gina wannan ne da bayanan tashoshin awo na ƙasa da na taurarin ɗan'adam. Wani kamfanin ƙasar Siwidin, Ignitia, ya shigo da hasashen kullum ta saƙon tes a Afirka ta Yamma, har ya raɗa wa hidimar suna iska. Matsalar ita ce ruwan wannan yanki na hadari ne mai zaɓen wuri: ya sauka a Darki kamar da bakin ƙwarya, a Ɗankaza ko yayyafi babu. Hasashen da aka yi wa jiha sukutum bai cika amsa tambayar mai gona ɗaya ba. Gyaransa yana buƙatar ƙananan ma'aunan ruwa masu aika rahoto da kansu, a dasa su kusa da juna, domin kwamfuta ta gwada abin da ta faɗa jiya da abin da ya sauka yau. Ma'auni ɗaya a harabar makarantar firamare ta kowace mazaɓa ya fi manhaja goma amfani.

Gwaji mafi girma da aka yi na ɗaure waya da sito shi ne shirin tallafin taki na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona. Kafin nan gwamnati ce ke sayen taki ta raba, kuma kowa ya san yadda buhu ke bin hannun 'yan siyasa ya ƙare a kasuwa. Sabon tsarin ya yi wa manoma rajista, kamfanin Cellulant ya gina rumbun bayanan, saƙo ya riƙa shiga wayar manomi yana gaya masa cibiyar da zai je. A can zai biya rabin kuɗin buhu biyu, kamfa ɗaya yuriya ɗaya, gwamnatin tarayya da ta jiha su cike ragowar ga dila. Miliyoyin manoma sun shiga rajistar, kuma da yawa a karon farko suka ga takin gwamnati da idonsu. Sai dai gaɓoɓin sun nuna rauninsu. Wani ba shi da waya, wani ya ba da lambar ɗansa da ya tafi ci-rani, wani saƙon ya zo da Turanci bai iya karantawa ba, a wata cibiyar kuma babu sabis da za a tabbatar da suna. Abin da ya fi duka illa shi ne jinkirin biyan diloli, wanda ya sa taki ya riƙa zuwa bayan an wuce lokacin zuba shi. Saƙo yana tafiya cikin daƙiƙa, tirela kuwa sai an biya. Shirin ya dusashe bayan 2015, amma ya bar al'adar yi wa manomi rajista da lambar waya, wadda shirye-shiryen bashin noma da suka biyo baya suka ɗora a kai tare da lambar BVN ta banki.

Wata hanyar ta fi wannan natsuwa, kuma a jihar Kano aka auna ta. Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta ƙera manhaja mai suna RiceAdvice, wadda malamin gona ko wani matashi da aka horar ke riƙe da ita a waya. Yana tambayar manomi irin da zai shuka, da ranar shuka, da buhu nawa ya samu bara, da abin da aljihunsa zai iya ɗauka, sai manhajar ta fitar da yawan takin da ya dace da wannan gona da ranakun da za a zuba. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna waɗanda suka samu wannan shawara amfaninsu ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, ribarsu kuma da kusan kashi 10, ba tare da jimillar takin da suka zuba ta ƙaru ba. Adadin ba mai girgiza mutum ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa za a yarda da shi. Abin lura shi ne manomin bai taɓa wayar ba. Malamai ƙalilan ne a hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, idan aka kwatanta da yawan manoman jiha, don haka manhaja a nan ba ta kori malamin gona ba, tsawaita hannunsa ta yi.

Haka lamarin yake a wajen huɗa. Mai tarakta ba ya son tura motarsa ƙauye mai nisa saboda eka ɗaya, kuma yana tsoron direba ya yi aikin gona biyar ya kawo kuɗin uku. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a Najeriya a 2014, ya maƙala wa tarakta wata 'yar na'ura mai layin waya da ke nuna inda take, da awannin da ta yi tana aiki, da faɗin filin da ta huɗe. A ɗaya gefen kuma akwai wakili a ƙauye da ke tattara sunayen masu buƙata, ya auna gonakinsu da waya, har su kai yawan da zai biya man zuwa da dawowa. Na'urar ta magance rashin yarda, wakilin ya magance ƙanƙantar gona. Abin da ba su magance ba shi ne kowa a mako ɗaya yake son huɗa, kuma gonar da ke cike da gawo da ɗorawa da iyakoki a karkace har yanzu garmar shanu ta fi dacewa da ita.

A noman rani ne na'urori masu magana da juna suka fi samun wurin zama, domin a nan ruwa kuɗi ne. Shirin Fadama na farko, daga 1993, ya yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan fetur a bakin koguna. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ban ruwa ya yi tashin gwauron zabo, manoma suka koma neman injin sola ko su juya nasu ya riƙa shan gas. Injin sola yana iya ɗaukar layin waya a cikinsa. A Kenya kamfanoni irin su SunCulture suna ba da shi bashi, ana biya kaɗan-kaɗan ta waya, injin yana aika rahoton lafiyarsa, kuma ana iya tsayar da shi daga nesa idan biya ya tsaya. Idan aka haɗa shi da ma'aunin danshi da aka binne a saiwar albasa ko tumatir, sai ban ruwa ya tashi daga kirdado ya koma awo. Ba kowane awo ne ke buƙatar batir ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta koyar da dabarar kafa guntun bututun roba mai huji-huji a cikin fadamar shinkafa: ba a sake ba da ruwa sai ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, kuma hakan na iya rage ruwan da ake sha da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ido ne na'urar, bututu ne ma'aunin.

Sama da gonar mutum ɗaya akwai kogin kansa. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗin kogin Kano ne da na Challawa, kuma kowannensu yana da madatsa a samansa: Tiga da aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Baƙo, da Challawa Gorge ta Ƙaraye a 1992. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su, tana raba ruwa tsakanin gonakin Kadawa da Kura, da famfunan birnin Kano, da mutanen Ringim da Haɗeja da Nguru a can ƙasa. Ma'aunan tsayin ruwa masu aika rahoto kowace sa'a za su iya ba mai kula da ƙofa damar sanin abin da ke tafe, su kuma ba mai fadama a Wudil lokacin da zai kwashe injinsa kafin ambaliya. Amma gargaɗin da ya tsaya a kwamfutar ofis bai ceci kowa ba. Sai ya bi ta rediyo da wayar dagaci da lasifikar masallaci kafin ya zama gargaɗi.

Kallon gona daga sama ya yi araha. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton kowane wuri duk kwana biyar, kowane ɗigo na hoton yana daidai da fili mai mita 10 kowane gefe, kuma kyauta ake samu. A shimfiɗar shinkafar Kura suna nuna inda ganye ya yi rawaya. A gonar gauraye irin ta Ɗankaza ɗigo ɗaya yana ɗauke da gero da wake da inuwar bishiya, ga gajimaren Agusta da ke rufe komai a daidai lokacin da ake son gani. Kyamarar waya ta fi kusa da ƙasa. Shekarar 2016 ta zo da annoba biyu, tsutsar da ke cin zuciyar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka, da ƙwaron tumatir da manoman Kano suka raɗa wa suna Sharon. Tun daga nan aka samu manhajoji masu gane cuta daga hoton ganye, kuma kowane hoto da aka tura yana zama ɗigo a taswirar da ke nuna inda annoba ta dosa.

Kasuwa ce ta karɓi fasahar ba tare da wani shiri na gwamnati ba. Kafin a ɗora buhu a mota an riga an ji farashin kasuwar Dawanau ta waya, kuma a karar Wudil ranar Juma'a dillali yana tura bidiyon sa ta WhatsApp ga mai saye a Legas. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har masu taurin kai zuwa tiransifa da 'yan POS. Kowane ciniki irin wannan yana barin sawu, kuma sawun yana da daraja: kamfanoni irin su Babban Gona da AFEX suna duba girman gona da tarihin biyan manomi kafin su ba shi iri da taki. Wanda ya riƙe bayanan manoma dubu ya san abin da za a girbe kafin su kansu su sani. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar mutum ko wani dalili na doka ake tattara bayanansa, kuma yana da haƙƙin sanin abin da za a yi da su, sai dai kaɗan ne daga masu dangwala yatsa a fom ɗin rajista aka karanta wa wannan da Hausa.

Saura batun gyara, wanda masu kawo na'urori suka fi mantawa. Ƙurar hunturu tana rufe fanel ɗin sola, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana cin batir, gara da ɓera suna cin waya, kuma datse layukan sadarwa da aka yi a Zamfara da sassan Katsina a 2021 ya nuna cewa na'urar da ba ta iya aiki sai da sabis tana iya zama ƙarfen banza dare ɗaya. Ƙwararrun hannu suna nan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma a cikin garin Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, inda ake koyar da aikin gona da injiniyanci da kimiyyar kwamfuta a harabar da ba ta da nisa da gonakin Ɗankaza.