Ka Sa wa Motar Gudu Manyan Rim: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Alaimen

Masu ƙananan motocin gudu, waɗanda ake kira sifot, da wuya su bar rim ɗin da mota ta zo da shi. Ana cire mai inci 17 a sa mai inci 18 ko 19, mota ta ƙara kwarjini. Daga nan sai gardama ta tashi a gareji: wani ya ce dole a je alaimen, wani ya ce asarar kuɗi ce. Gaskiyar magana, sauya rim shi kaɗai ba ya taɓa alaimen. Amma duk da haka ina ganin ya kamata a duba, kuma dalilin yana da muhimmanci.

Me ake gyarawa a alaimen?

Kusurwa uku ce. Ta farko ita ce to, wato inda hancin taya ya dosa idan ka leƙo daga sama, ko ya karkata ciki ko waje. Ta biyu kamba, wato jinginar saman taya zuwa ciki ko waje idan ka tsaya a gaban mota. Ta uku kasta, ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Dukansu a ƙafar mota suke, a jikin tayarod da shokazoba da hannuwan da ke riƙe da ƙafar. Rim kuwa noti ne kawai ya ɗaure shi a fuskar hob. Wanda ya kwance noti biyar ya mayar bai matsar da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Abin da ya zama dole bayan sa sabon rim shi ne balansin, kuma mutane da yawa suna haɗa shi da alaimen. Balansin daidaita nauyin taya da rim ne da ƴan guntayen dalma. In ba a yi ba, sitiyari zai riƙa karkarwa da zarar mota ta ɗauki gudu.

Girman rim daban, girman taya daban

Ɗauki Toyota 86, wadda aka fara sayarwa a 2012 tare da tagwayenta Subaru BRZ. Yawancinsu sun zo da taya mai lamba 215/45R17. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefen taya ne a matsayin kashi 45 cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim da inci. Idan ka lissafa, tsayin ƙafar gaba ɗaya wajen milimita 625 ne. Sa mata rim 18 da taya 215/40R18, zai zama wajen 629. Bambancin milimita huɗu ne kacal, domin abin da rim ya ƙara, gefen taya ya rage.

Haka ake so. Ƙa'idar da masu taya ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari. In ya wuce, agogon gudu zai fara ƙarya, ya nuna ƙasa da abin da kake yi idan ƙafar ta ƙara tsayi. Na'urar ABS da mai hana mota zamewa su ma da juyawar taya suke lissafi. Sannan taya na iya gugar madigadi idan an juya sitiyari har ƙarshe.

Lambar da ba a cika dubawa ba

A bayan rim akwai wata lamba da aka zana, haruffan ET da adadi a gabansu. Tana nuna nisan fuskar da ke manne da hob daga tsakiyar rim. Rim ɗin asali na 86 mai inci 17 ET48 ne. Wanda ya saya mata ET35 ya turo kowace taya waje da milimita 13. A ido abin yana da kyau, taya ta cika madigadi. A hannu kuwa wani labari ne. Inda taya ke taka ƙasa ya matsa daga layin da ƙafar ke juyawa a kansa, saboda haka kowace gargada tana samun ƙarfin fizgar sitiyari, mota ta riƙa bin ramin sawun manyan motoci a kwalta, boris ɗin ƙafa kuma ya ɗauki nauyin da ba da shi aka ƙera shi ba. Injin alaimen zai nuna komai daidai, domin kusurwoyin ba su motsa ba, kuma babu juya tayarod da zai warkar da wannan. Maganinsa a wajen saye yake: ka nemi ET da ya yi kusa da na asali.

To me ya sa za a duba?

Saboda sabuwar taya tana tona asirin tsohon laifi. Taya mai kaurin gefe tana lanƙwasa ta shanye ɗan karkata. Mai faɗi da siririn gefe ba ta da wannan haƙurin. Idan taya ta kauce da rabin digiri kawai, lissafi ya nuna ana jan ta a kaikaice kusan mita tara a kowace kilomita ɗaya. Tafiya daga Kano zuwa Kaduna da dawowa sau kaɗan ta isa ta fara cinye ta. Shafa tafin hannunka a kan tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo: in ta yi santsi ta ɓangare ɗaya, ta yi kaifi ta ɗayan, to ne ya kauce. In kuma gefen ciki kaɗai ya suɗe, a tuhumi kamba. Ka duba tsofaffin tayoyin da aka cire kafin mai faci ya jefa su gefe, domin su ne shaidar halin da ƙafar take ciki.

Kuɗin dubawa bai kai na taya ɗaya ba, balle huɗu. Ga kuma hanyoyinmu. Siririn gefe yana miƙa dukan rami kai tsaye ga rim da ƙafa, don haka motar da ta koma rim 19 za ta fi yawan neman alaimen nan gaba, kuma rim ɗin kansa na iya lanƙwasa ko tsagewa.

Inda babu zaɓi

Idan tare da rim aka sa gajeren sifirin don mota ta kwanta ƙasa, alaimen ya zama wajibi, domin rage tsayin mota yana sauya kamba da to. Haka idan an canza tayarod, boljoyin, bushin ko shokazoba. A irin 86, kamfani bai tanadi wurin daidaita kamba a gaba ba, sai an sa ƙusoshi na musamman da aka yi don haka.

Ka nemi a duba ƙafa huɗu, domin yawancin motocin gudu da tayoyin baya suke tuƙi, kuma karkatar baya ta fi haɗari a kwana. Bakanike ya fara girgiza ƙafa ya tabbatar babu abin da ke wasa, a daidaita iska, sannan a hau inji. Ka karɓi takardar da ke nuna lambobin kafin gyara da bayansa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake ɗaure notin rim.