Lambar Yaƙi da Turmin Atamfa

Duk matar da ta saba haɗa lefe ta san takardar da aka manna a jikin turmin atamfa ita ce abu na ƙarshe da za ta yarda da shi. Mai shago a Kantin Kwari zai rantse mata cewa Holan ce, ga tambari yana ƙyalli, ga rubutu a gefe. Ita kuwa sai ta warware yadi guda, ta juya bayan ta ga ko rinin ya ratsa kamar yadda yake a gaba, ta murza da yatsu, ta shinshina. Ta san buga takarda ya fi saƙa da rini sauƙi, don haka a nan mai jabu yake fara nuna gwanintarsa.

Irin wannan idon masu tara kayan yaƙi a Turai da Amurka suke nema, kuma da yawansu sai sun tafka asara suke samunsa. Lambobin yabo, hulunan kwano, tutoci da kakin sojan yaƙe-yaƙen duniya biyu duk haja ce mai tsada, musamman kayan Jamus na zamanin Hitila, inda jabu ya yi katutu har gogaggu suke ɗaukar kowane kaya a matsayin na bogi sai ya wanke kansa. Me zai sa mutum ya so ajiye tambarin 'yan Nazi a ɗakinsa, wannan magana ce daban. Jamus kanta ta haramta baje shi a bainar jama'a.

A ɗauki Gicciyen Ƙarfe, lambar da sarkin Prussia, Friedrich Wilhelm na Uku, ya ƙirƙiro a 1813, aka sake farfaɗo da ita a 1870, 1914 da 1939. Ta asali ba dunƙule ɗaya ba ce. Baƙin ƙarfe ne a tsakiya, sai firam biyu na farin ƙarfe, gaba da baya, da aka liƙe suka rungume shi. Mai saye zai fara kanga mata maganaɗisu, sannan ya sa tabarau mai ƙara girma ya nemi layin haɗin a gefe. Ta asali ta 1939 bugu ce, zanenta a fayyace, gefenta da kaifi. Jabu mai araha zubi ne, za ka ga 'yan ramuka a fuskarsa, zanen ya dushe kamar an shafa masa mai.

Sai dai duk dabarar da aka wallafa a littafi, mai jabu ma ya karanta ta. Yau akwai na bogi mai guda uku da maganaɗisu ke kamawa tsaf. Haka masu kwaikwayon atamfa suka koyi buga launi a fuska biyu, har da 'yan tsage-tsagen nan da kakin rini ke bari a jikin ta ainihi. A ganina wannan ne abin da sabon shiga ya fi kasa ganewa: gwaji yana iya kayar da jabu, amma ba ya iya ɗaure wa kaya gindi. Idan maganaɗisu bai kama ba, ka yi hattara. Idan ya kama, ba ka san komai ba tukuna.

Saboda haka gwanaye suka koma bin aibi. Ƙarfen da ake buga lamba da shi yana tsufa, ya yi 'yar tsaga, kuma tsagar takan fito a kan kowace lamba da aka buga bayan nan. Wata babbar lamba ta wannan gida, wadda ake ratayawa a wuya, mutum kimanin 7,300 ne kawai suka same ta, shi ya sa kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanin Steinhauer & Lück na garin Lüdenscheid ya ƙera ta lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma bayan yaƙi ya ci gaba da amfani da kayan bugunsa. To, wadda aka buga bayan 1945 da kayan aiki na asali, a masana'anta ta asali, me za a kira ta? Masu tara kaya suna bin yadda aibin ya riƙa girma don su raba ta lokacin yaƙi da ta bayansa, kuma har yau ana kai ruwa rana a kan wasu.

Wanda ya fi cin mutane shi ne kayan da rabinsa gaskiya ne. Hular kwanon Jamus ƙirar 1935 tana da tambari biyu, ɗaya a kowane gefe. A 1940 aka ba da umarnin cire mai launin tuta, a 1943 aka daina sa na biyun. Mai tambari biyu ta fi tsada nesa ba kusa ba, don haka sai a samo hula ta gaske marar komai a manna mata sabo, kamar dai a ɓamɓaro takardar Holan a liƙa wa wata atamfar. Ƙarfen zai ci kowane gwaji, domin na gaske ne. Abin da ke tona asiri shi ne tsufan da bai zo ɗaya ba. Fenti ya goge, fatar ciki ta bushe ta yi baƙi da gumi, amma tambari fes. Ko kuma an kankare shi da gangan, ƙarcen ya tsaya a kansa bai zarce kan fentin da ke gefe ba. Hular da ta sha wuya a fagen daga, tare sassanta suka sha ta.

A kan kaki da takarda, ana haska fitilar nan mai shuɗin haske a cikin duhu. Sinadarin ƙara fari da ya yaɗu bayan yaƙi yana walƙiya a ƙarƙashinta, ko da yake tsohuwar riga da aka wanke da sabulun garin zamani ita ma za ta yi walƙiyar. Wannan sinadari na cikin abin da ya kayar da kundin sirrin Hitila a 1983. Mujallar Stern ta biya kuɗin Jamus mak miliyan 9.3 a kan littattafai kusan 60 da Konrad Kujau ya rubuta da hannunsa, ya tsufar da su da ruwan shayi. Kujau dillalin kayan 'yan Nazi ne tun farko. Masana rubutun hannu sun ce na Hitila ne, domin wasu takardun da aka ba su su gwada da su, shi Kujau ɗin ne ya ƙirƙire su. Masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ma ya sa baki kafin ya janye. Da hukumar adana tarihi ta Jamus ta duba takardar da zaren ɗinkin, cikin 'yan kwanaki magana ta ƙare. Labarin cewa littattafan sun fito ne daga wani jirgi da ya faɗi da akwatunan Hitila shi ne ya rufe wa manya ido, yadda daɗin bakin dillaliya ke sa a manta da juya bayan zane.

Tsufa kansa ba shaida ba ne. Tun ana cikin yaƙi wasu sojojin Amurka a tekun Pasifik suke zana tutocin Japan na bogi suna sayar wa 'yan'uwansu masu son tsaraba. Irin wannan tuta ta haura shekara 80, kuma jabu ce.

Abin ya shafe mu ta wani gefen. Mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙin Boma, sun cancanci Tauraron Burma mai tsini shida. A yaƙin duniya na farko Ingila takan buga lamba, muƙami da sunan soja a jikin lambar yabonsa, har masu ha'inci su kankare sunan wani su zana na wani fitacce, abin da ake ganewa idan gefen ya sirance ko haruffan suka bambanta. A yaƙi na biyu kuwa ta raba taurarin ba suna; Indiya, Afirka ta Kudu da Ostareliya ne suka buga wa nasu. Wanda ya gaji tauraron kakansa ya ga bayansa fayau, babu abin da ke haɗa shi da mai shi sai takardar sallama daga soja, littafin albashi da hoton da ya ɗauka da kaki. A ajiye su a gwangwani ɗaya, kada a goge ƙarfen don ya yi ƙyalli, kada kuma a canza ƙyallen da ya koɗe da sabo, domin su ne farkon abin da mai gwaji zai duba.