Idan Waifar Tsohuwar Mota Ta Tsaya Ana Ruwa

Damina ta kankama, kuma duk ma'aikacin da ke riƙe da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, ya san haɗarin tsayawar waifa a tsakiyar hanya, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Masu gyaran waya sukan fara da duba fyus. In an sa sabo ya sake ƙonewa, to wata waya ce ta goge tana taɓa jikin mota. Naɗa masa zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, neman gobara ne kurum. In kuwa fyus lafiya yake, sai a ɗauko ƙwan gwaji a bi wuta daga makunni har zuwa injin waifar. Sau da yawa laifin na wayar da aka ɗaure a jikin mota ne, wadda tsatsa ta ci bakinta. Kankarewa kaɗai ta isa.

Waifar da ke tsayawa a tsakiyar gilashi da zarar an kashe ta kuwa, wani ɗan makunni ne na cikin injin ya lalace, wanda aikinsa shi ne mayar da ita mazauninta.