Manhajar Adashi: Yadda Muka Haɗa Shafuka Uku a Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa danna *170# don ya aika da kuɗi ya san yadda abin yake: ka zaɓi lamba ta kai ka wani jeri, ka sake zaɓa ta kai ka gaba, in kuwa ka yi kuskure a tsakiya, sau da yawa sai ka kashe ka faro daga farko. To, wannan shiga da fita daga shafi zuwa shafi ita ce ta ba mu wuya a zangon karatun da ya wuce, sa'ad da mu malamai biyu da 'yan ajinmu na ƙaramar sakandare a nan Kumasi muka ɗaura niyyar gina 'yar manhaja ta wayar hannu.

Ba mu muka ƙago aikin ba. Wata ɗalibarmu ce ta kawo shi, domin mahaifiyarta ita ce uwar adashi ta matan layinsu, watau abin da maƙwabtanmu ke kira susu, kuma kullum da dare yarinyar ce ke zaman lissafi a littafi. Ta ce, "Malam, ba za a iya sa waya ta riƙa tarawa ba?" Muka ce a gwada.

Kayan aikin da muka ɗauka shi ne App Inventor. Kamfanin Google ya fito da shi a shekarar 2010, sa'an nan a 2012 ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka, inda Farfesa Hal Abelson, wanda ya jagoranci aikin tun asali, yake koyarwa. Kyauta ne, ba ya bukatar komai sai kwamfuta da intanet da waya. Ba a rubuta dogayen umarni a cikinsa. Umarnin an yi su kamar tubala masu launi, sai a jawo wannan a maƙala wa wancan, wanda bai dace ba kuwa ya ƙi shiga. Da Turanci aka rubuta tubalan, amma abin da mai waya zai gani, mu ke rubuta shi, kuma da Hausa muka rubuta, har da ɓ da ɗ da ƙ.

Kwana biyu na farko ba mu taɓa kwamfuta ba. A kan allo muka zana manhajar kamar yadda magini ke shata gida. Shafin farko shi ne zaure: jimillar kuɗin da aka tara, da madannai biyu. Na ɗaya ya kai mutum shafin sunayen 'yan adashi, daga can in an taɓa suna sai a shiga shafi na uku, inda ake rubuta zubin ranar. Kowace ƙofa muka ja mata kibiya. Yaran sun ga kamar ɓata lokaci ne, sun ƙosa su fara zaɓen launi. A nan ma muke ba malamai 'yan'uwanmu shawara su yi tunani sosai a kan shafin farko, domin App Inventor na kiransa Screen1, ba ya yarda a canza masa suna, kuma shi ne ke buɗewa duk sa'ad da aka kunna manhajar.

Buɗe wani shafin ba wuya, tubali ɗaya ne a ƙarƙashin madanni. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne, kowane shafi bai san abin da ɗan'uwansa ya sani ba. Ka zaɓi suna a shafi na biyu, ka iso na uku, ka tarar bai san wa ka zaɓa ba. Magani iri biyu ne. Akwai tubalin da ke buɗe shafi ya kuma riƙa masa saƙo, kamar yaron da aka aika cikin gida da sallahu. Da shi muka aika sunan. Kuɗin kuwa, da yake dole su zauna ko an kashe waya, muka zuba su a 'yar ma'ajiyar da ake kira TinyDB, wadda kowane shafi ke iya buɗewa.

Muka haɗa, muka sa a wayar Hajiya, muna ta murna. Ba a yi mako ba yarinyar ta zo da safe idonta ja. Wata 'yar adashi ta zuba sidi 20, an rubuta a gabanta, amma da Hajiya ta danna madannin komawa baya na jikin wayar, sai jimillar ta fito babu kuɗin. Matar ta ɗaga murya a gaban mutane, har ta ce a bar mata wayon 'yan boko. Allah ya sa littafin na nan.

Laifin namu ne, mu malaman, ba na yaran ba. Waya tana jera shafuka ne kamar kwanukan da aka ɗora wani bisa wani: wanda aka buɗe daga baya shi ke sama, komawa baya kuwa sauke na saman ne. Mu kuwa madanninmu na "Koma zaure" ba ya sauke komai, wani sabon zauren yake buɗewa ya ɗora a kai. Kowane zubi sai tarin ya ƙaru da kwano uku. Da Hajiya ta bi ta madannin wayar, sai ta yi ta saukowa har ta faɗa wani tsohon zaure mai ɗauke da tsohon lissafi. Kuɗin suna cikin ma'ajiya lafiya lau, shafin ne bai sake dubawa ba. Da an ci gaba a haka ma, tarin zai cinye ƙwaƙwalwar wayar har manhajar ta tsaya cik, balle wayoyin iyayenmu da yawancinsu ƙanana ne.

Gyaran bai kai sa'a guda ba. Duk inda muka sa "buɗe" alhali komawa ake nufi, muka cire muka sa tubalin rufe shafi. Sa'an nan muka umarci zauren da cewa duk lokacin da wani shafi ya rufe aka dawo gare shi, ya sake karanta ma'ajiya kafin ya nuna jimilla. Muka koma allo, sai muka ga ashe kibiyoyinmu duk gaba suka nufa, babu ko ɗaya mai dawowa. Yanzu kowace ƙofa kibiya biyu muke ja mata, kuma ba mu yarda da gwajin da ake yi daga kwamfuta kaɗai, sai an haɗa manhajar an sa a waya, an miƙa wa wanda bai san yadda aka gina ta ba. Mai gadin makarantarmu ya zama gwani a wannan aiki. Cikin minti biyu yake gano inda mutum zai maƙale.

Mu da yarinyar muka je har gida muka ba matar nan haƙuri, muka nuna mata sidi 20 ɗinta a allo da kuma a littafi. Ta haƙura, amma ta ce ita dai a ci gaba da rubutawa da biro. Mun goyi bayanta, domin TinyDB a cikin wayar kaɗai take: in wayar ta ɓata, ko wani jika ya goge manhajar, lissafin ya tafi ke nan. Hajiya kuma ta riga ta aiko da sabuwar bukata, tana son shafi na huɗu da zai nuna wadda kwasa ta zo kanta. Yaran sun zana shi a allo, muna jiran a dawo hutu.